Gasar da ta Fi Kusa

Yaron ya ɓullo daga lungun gidan burodi a guje, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, jakar makaranta tana dukan bayansa. Bai kai tsakiyar titi ba suka cim masa. Wani ya sa masa ƙafa, ya kife da fuska a kan kwalta, sauran suka rufe shi. Hassoumi, da ke zaune cikin motar kaya a bakin ƙofar makaranta, ya ji saukar sandar ƙarfe a jikin mutum, amo mai nauyi kamar an jefar da buhun shinkafa. Kafin ma ya yi tunani, yatsansa ya danna makullin ƙofa.

Samarin duk sun ja hulunan rigunansu sun rufe kai, amma ya gane wasu daga tafiyarsu. 'Yan unguwarsu ne, Sureaux, jerin dogayen benayen nan na Aubervilliers, a gefen Paris, inda yake zaune tun zuwansa daga Damagaram. Mai jar rigar da ke tattaka kan yaron da dunduniya kuwa Kamal ne, ɗan maƙwabcinsa. Hassoumi ne ya raba dabino ranar sunansa.

A daidai lokacin ɗansa Moctar ya fito daga makaranta, rungume da hannun robo, mutum-mutumin injin da ƙungiyarsu ta makaranta ke ƙerawa. Dominsa Hassoumi ya zo, ya kawo musu guntayen alminiyom da aka ce a zubar a mangaza, ɗakin ajiyar kayan da yake dako a ciki. Moctar ya tsaya cak dab da wurin, baki buɗe. Wayoyi sun ɗaga ta kowane gefe, kowa na ɗauka.

Hassoumi ya danna oda, ya buɗe masa ƙofa. "Shigo! Kai, shigo na ce!"

"Baba, za su kashe shi."

"Kai za ka hana su? Shigo."

Ya ja motar. A madubi ya ga samarin sun watse, yaron na kwance ƙafarsa na karkarwa ita kaɗai, jini na bin gefen titi zuwa magudanar ruwa.

"Ɗan ina ne?"

"Ɗan Écluses," in ji Moctar, yana kallon cinyarsa.

Écluses wata unguwar benaye ce a Saint-Denis, tafiyar 'yan mintuna a tiram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari. Babu wanda ke iya tuna mafarin gabarsu da Sureaux. Wasu sun ce waya aka fizge, wasu sun ce harara ce a filin ƙwallo. Waɗanda suka fara ta sun yi aure, wasu na kurkuku, ƙannensu suka gaje ta kamar gona.

Yaron bai mutu ba, ido ɗaya ya rasa. Hoton dukan ya zaga wayoyin garuruwan biyu, kuma a cikinsa fuska ɗaya ce tak ta ɗan Sureaux ba a rufe ba, ta Moctar.

* * *

Madam Carine, malamar kimiyyar da ke kula da ƙungiyar robo, ta tara iyaye a ajin da yaran ke aiki. Robon na tsaye a kan tebur, hannunsa lanƙwashe a bisa bayansa, shi ya sa Moctar ya raɗa masa suna Kunama, har Turawan ƙungiyar suka koyi faɗar sunan.

Ta yi musu bayani ba kwana-kwana. Kafin a je gasar ƙasa sai an tsallake gasar yanki, kuma guri biyu suka rage. Ɗaya a Lyon, gasar kwana biyu, mai alƙalai daga manyan makarantun injiniya. Amma zuwa Lyon na nufin kuɗin jirgin ƙasa na yara takwas, da masauki, da abinci, da dakon robon. Makaranta ta biya kuɗin shiga gasa, iyakarta ke nan. Ofishin magajin gari ya yi alkawari ya yi shiru. Kamfanonin da ta rubuta wa kuwa, ta ce tana murmushin da bai kai ido ba, da zarar sun ga adireshin makarantar sai amsa ta ɓace a hanya.

"Makarantun tsakiyar Paris suna zuwa duka biyun," in ji ta. "Mu ɗaya za mu iya, ita ma da ƙyar."

Ɗayar gasar a Saint-Denis za a yi, wuni guda, a wani zauren wasanni. Babu masauki, babu jirgi. Katangar zauren kuma ita ce iyakar Écluses.

Moctar ne ya fara ɗaga hannu. "Lyon," ya ce.

Madam Agathe, mai sharar ofisoshi da 'yarta ke rubuta wa robon umarni, ta ce ita ko rabin kuɗin ba ta da shi, kuma ba za ta ji kunyar faɗa ba. Wani uba ya ce tasu ɗaya. Sai Hassoumi ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ce da Faransancinsa mai nauyi, ga gasa a bakin ƙofa, me za a je nema a Lyon? Shi zai aro motar mangaza ya ɗauki robon kyauta. Iyaye suka tafa masa. Ya zauna yana jin daɗi.

A gida Moctar bai taɓa abinci ba. Ya tura wa uban wayarsa a kan tebur, hoton dukan na tafiya, ga shi nan tsaye da hannun robo a ƙirji, wani ya zagaye fuskarsa da jan layi.

"Amma ba ka taɓa kowa ba," in ji Hassoumi.

"Baba, su ba su tambayar abin da ka yi. Ina kake kwana suke tambaya."

"Malam," in ji Raliatou, matarsa, daga ƙofar kicin, "in adashina ne, sai in roƙa a ba ni kwasar wannan wata. Ya tafi Lyon ɗin."

"Kin manta ɗakin Inna da ruwa ya kayar a Damagaram? An riga an yi wa kwasar nan alkawari. In ma mun biya nashi, sauran bakwan fa? Shi kaɗai zai je da robon a ka?"

Raliatou ta koma kicin.

Ya juya ga ɗansa, ya sassauta murya. "Ni a Damagaram na tashi. Na ga 'yan palais, 'yan dabar garin, da addunansu, na sha wucewa ta gabansu da kayan tallata, ko sau ɗaya ba su tare ni ba. In ba ka ci nanin ba, nanin ba ta cin ka. Kai ɗan makaranta ne. Kuma ni zan kai ka, ni zan maido ka. Ko ka raina ni ne?"

Moctar ya dube shi. Zai iya cewa ba shi zuwa, amma a ƙungiyar babu mai iya tuƙa Kunama kamarsa, kuma tun farkon shekara yaran ke wuni a kanta har ranakun hutu. Ya ɗauki wayarsa.

"To, Baba," ya ce.

* * *

Hassoumi bai taɓa ganin irin wurin ba. Zauren ya cika da ihu da kiɗa da warin wayar da aka narka, yara sanye da riguna kala-kala suna durƙushe a gaban injinansu. Wasu ƙungiyoyin sun zo da akwatunan kayan aiki masu taya, da robo na biyu don ko ta kwana. Su Moctar kuwa a kwalin da ya ɗauko daga mangaza suka zuba nasu kayan.

Amma da aka busa usur, ya ga abin da bai sani ba game da ɗansa. Moctar ya riƙe manet, abin tuƙin nan mai maɓallai, yatsunsa na yawo a kai kamar na mai goge. Kunama ta kutsa tsakanin manyan robobin, ta tsinci tubalan roba ɗaya bayan ɗaya tana jera su, ta juya a wurin da ko kyanwa sai ta yi tunani. Mai sanarwa ya kira sunan makarantarsu da ƙarfi. Hassoumi ya tsinci kansa a tsaye yana ihu da Hausa.

Da rana tsaka injin hannun Kunama ya ƙone, hayaƙi ya tashi. Ba su da wani. Hassoumi na tsaye a kansu yana faɗa, "Ai na ce ku bar ta ta huta, ƙarfe ma yana gajiya," sai ya ji dariya a bayansa.

"Sannu, Baba. Ina wuni?"

Wani siririn yaro ne mai tabarau, sanye da rigar ƙungiyar wata makarantar Saint-Denis. Sunansa Affan, ubansa mutumin Garwa ne mai sayar da yadi, a wurinsa ya tsinci Hausa. An riga an fitar da su tun safe. Ya koma teburinsu ya kwance injin daga nasu robon, ya kawo, ya durƙusa tare da Moctar suka ɗaura shi, kawunansu na gugar juna.

"A ina kake zaune?" Hassoumi ya tambaye shi.

"Nan baya, Écluses." Ya ɗago ya dubi Moctar. "Na san ko kai wane ne. Riƙe min nan."

Da injin aro Kunama ta zo ta biyu. Ta biyu kuma na nufin gasar ƙasa. Madam Carine ta yi kuka, 'yan matan ƙungiyar suka rungume juna suna tsalle.

Ana cikin raba lambobi Affan ya dawo, ba dariya a fuskarsa. Ana nuna gasar kai tsaye a intanet, in ji shi, wani ya ga Moctar ya yaɗa. Yanzu haka akwai samari a bakin babbar ƙofa suna jira.

"Ku bi ta baya, Baba. Akwai ƙofar da ake shigo da kaya, tana fita kan wani ɗan titi. Amma ku yi sauri."

Madam Carine ta kira 'yan sanda, aka ce mata motar sintiri za ta biyo. Hassoumi ya ce ba zai jira ba. Ya ce wa Moctar ya tura akwatin robon zuwa ƙofar baya ya tsaya daga ciki, shi zai kawo mota. Ya ratsa ta gaban samarin, ba wanda ya ko dube shi, tsoho ne. Da safe bai sami wurin ajiye mota kusa ba, sai da ya yi gudu har numfashinsa ya sarƙe, sannan titin da ya so bi ya zama mai hanya ɗaya, ya zagaya.

Moctar ya ji ƙarar wata mota ya zaci ta ubansa ce, ya turo akwatin waje. Ƙofar irin mai kulle kanta ce. Ta rufe a bayansa.

Da Hassoumi ya karyo kwanar, ya sami samarin a kan Moctar. Sun raba kansu biyu tun farko, wasu gaba wasu baya. Moctar na ƙasa ya dunƙule, suna shurin sa a ciki da haƙarƙari da baki. Hassoumi ya diro bai ko kashe motar ba.

"Ku bari! Ɗana ne! Bai yi komai ba!"

Wani ya juyo ya fesa masa barkonon tsohuwa a ido. Duniya ta zama wuta. Aka share masa ƙafafu, ya faɗi, gwiwar wani ta danne masa wuya a kan kwalta. Ta cikin hawaye ya ga sun ɗaga Moctar, sun shimfiɗa hannunsa na dama a kan akwatin robon, biyu sun riƙe. Wani ƙaramin yaro, da bai kai Moctar ba, ya zaro guduma daga cikin rigarsa.

"Idon wana," ya ce da Faransanci, muryarsa na fashewa. "Idon wana."

Ya sauke ta. Ya ɗaga ya sake saukewa. Hassoumi ya ji ƙasusuwan na fashewa kamar ana taka busassun kara, ya ji ihun da bai taɓa sanin zai iya fita daga bakin yaron da ya goya a kafaɗa ba. Daga baya ihun ya tsaya, gudumar ba ta tsaya ba.

Ƙofar baya ta buɗe da ƙarfi, Affan ya fito yana kururuwa, Madam Carine a bayansa. Samarin suka watse. Kafin su tafi, ɗaya ya kifar da akwatin ya tattake abin da ya zubo.

* * *

A asibitin Bobigny likita ta fito bayan aikin ta ce sun ceto hannun, ban da yatsu biyu. Sauran ukun kuma kada a sa rai za su sake damƙar abu. Raliatou ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa. Ba ta dubi mijinta ba, ba ta kuma ce da shi komai ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Washegari da hantsi Kamal ya zo, ya cire hula, ya rusuna, ya kira Hassoumi Tonton, wato baffa.

"Tonton, ya mai jiki? Wallahi Moctar ƙanena ne." Idanunsa sun yi ja. "Yaya aka yi suka san za ku fito ta baya?"

Hassoumi bai yi barci ba, idanunsa na ƙuna har yanzu. "Wani yaro ne ya ce mu bi ta nan. Affan, mai tabarau, ɗan Écluses."

"Affan," in ji Kamal a hankali.

"A'a, tsaya. Yaron kirki ne, shi ya ba su inji, shi ya..."

"C'est bon, ya isa, Tonton. Ka huta."

Ya mai da hularsa ya bi matakala. Hassoumi ya bi shi yana kira, amma ƙafar da aka share masa ta kumbura, kafin ya kai ƙasa babu kowa.

Ya je gidan su Kamal, uban ya ce rabonsa da ganin yaron tun jiya. Ya je ofishin 'yan sanda, suka rubuta, suka ce za su duba. Ya roƙi Madam Carine ta kira makarantar su Affan, ta kira, aka gargaɗe shi. Affan ya yi kwanaki a gida, sannan ya fito don yana da jarrabawa.

A tashar tiram 'yan Sureaux suka same shi, da rana, mutane na kallo. Wuƙa sau uku, ɗaya a wuya. Wata mata ta danne raunin da gyalenta har motar agaji ta iso, amma ya riga ya cika.

Hassoumi ya je jana'izar. Shi ba wanda zai tare shi a Saint-Denis. Ya tsaya a sahun ƙarshe, da aka sallame ya bi layin masu gaisuwa har ya iso gaban uban, Malam Garga, dogon mutum da rigarsa ta yi masa yawa.

"Allah ya jiƙan sa, ya ba ku haƙuri."

"Amin, amin." Malam Garga ya riƙe hannunsa da ya ji Hausa. "Ban gane ka ba, Malam. A ina ka san shi?"

Hassoumi ya buɗe baki. "A wurin gasa. Ya ara wa ɗana inji."

"Haka yake," in ji Malam Garga, fuskarsa ta ɗan saki. "Haka yake tun yana ƙarami. Na gode da ka zo ka faɗa min wannan." Ya ƙara damƙe hannun da hannayensa biyu, ya daɗe bai saki ba, har na bayan Hassoumi ya yi gyaran murya.

* * *

Ranar da aka sallami Moctar, sun tarar da samari a gindin benensu suna jiran sa, suna tafa masa, suna cewa an rama masa. Ya wuce ta tsakiyarsu ya hau sama ya yi amai a bayi. Da la'asar aka ce an ga 'yan Écluses a kan babura suna zagaya unguwar.

"Ba zai sake kwana a garin nan ba," in ji Raliatou. Ita ce magana ta farko da ta yi wa mijinta kai tsaye tun daga asibiti. Ta riga ta kira wanta Rachidou, mai shagon kayan abinci a Lyon, ya ce a kawo shi, akwai makaranta kusa da su. Kunnuwanta babu 'yan kunnen zinaren da ta zo da su daga gida. Hassoumi ya gani, bai tambaya ba.

Shi ya raka shi. A jirgin Moctar ya jingina kai da taga, hannun naɗe a ƙirjinsa har suka sauka. Rachidou ya tarbe su a tasha, ya rungume yaron ta gefen hagu, ya yi ta surutu a mota yana nuna musu kogi da gadoji don kada shiru ya yi yawa.

Sun isa gida lokacin abincin rana. Matar Rachidou ta shimfiɗa leda a tsakar falo, ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka a babban faranti, ta ce yau abincin gida za a ci, ba na asibiti ba. Maza uku suka zauna suka kewaye shi. Aka yi bismilla.

Moctar ya dubi tuwon na ɗan lokaci. Sannan ya miƙa hannun hagu ya gutsura.

"Kai, da hannun da..." in ji Hassoumi, bakinsa ya riga shi, kamar yadda ya saba tun yaron na rarrafe.

Ya haɗiye sauran. Rachidou ya sunkuyar da kai. Moctar bai ɗago ba. Ya yi ƙoƙarin mulmula lomar, ta wargaje a tafinsa, ya tattara abin da ya samu ya kai baki, miya na bin gwiwar hannunsa tana ɗiga a kan ledar.